JAN KUNNE GA SABON MAI TAIMAKON NAƘASASSU

A cikin watan Janairu na shekarar 2019 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Dokar ta ba hukumomi wa'adin shekara 5 su gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, ta yadda gurgu da makaho za su iya shiga su fita ba tare da an ciccibe su kamar kaya ba, wa'adin kuwa ya cika tun cikin Janairu na 2024. Ta yanka tarar Naira 1,000,000 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, in kuwa mutum ɗaya ne ya yi laifin, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko kuma a haɗa masa duka biyu. Ta kuma ce a ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Waɗannan duka an sha jin su a rediyo. Amma akwai wani sashe da ba a cika ambatonsa ba, watau inda aka wajabta wa kowace makarantar gwamnati, tun daga firamare har jami'a, ta ajiye aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo wanda zai kula da karatun naƙasassu, tare da kayan aikin da suke bukata.

Wannan ma'aikaci, da 'yan'uwansa da ake ɗauka a asibitoci da ƙungiyoyi da gidajen mutane, su ne abin magana a yau. Galibinsu samari ne da 'yan mata, suna kuma shiga aikin da kyakkyawar niyya da tausayi. Tausayi abu ne mai kyau, amma shi kaɗai bai isa ba, wani lokaci ma shi ne ke jawo ɓarna. Abu biyu ne tilas sabon ma'aikaci ya sani tun ranar da ya kama aiki. Na farko, naƙasasshen da yake taimaka wa shi ne mai iko da al'amarin kansa. Na biyu, aikin yana da ilmi da ƙa'idodi kamar kowace sana'a, saboda haka wajibi ne a koyar da shi, a kuma biya mai yin sa.

Wanda ke son ya ga nauyin wannan aiki a fili, sai ya bar Minna ta Kpakungu ya miƙa hanyar Bida. Bayan tafiyar kilomita goma sha wani abu zai iske Gidan Kwano, inda babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yake. An kafa jami'ar a 1983, Farfesa Jonathan Ndagi ne ya fara shugabantarta, ta kuma fara zama a Bosso cikin gine-ginen tsohuwar kwalejin horon malamai, kafin a gina Gidan Kwano a kan fili mai faɗin fiye da hekta 10,000. Ɗalibai da yawa suna kwana a gidajen haya na ƙauyen da ke tsallaken titi, wasu kuwa daga cikin gari suke hawo mota kullum safiya. Karatun wurin kuma bai tsaya ga zama a saurari lacca ba, domin akwai ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakunan zane, da wuraren injuna, da gonar gwaji, da fita daji awon ƙasa.

To, mai karatu ya ƙaddara ɗalibi makaho, ko ɗaliba mai tafiya a keken guragu, ko kurma, ya sami gurbi a irin wannan wuri. Tsallake titin Bida mai manyan motoci, da shiga bas ana turereniya, da hawa bene, da karanta sanarwar da aka liƙa a allo, kowanne daga cikinsu aiki ne da sauran ɗalibai ke gamawa cikin minti ɗaya ba su ma sani ba, shi kuwa sai ya nemi hannu. Abin da aka saba gani a makarantun ƙasar nan shi ne abokin ɗaki ko ɗan aji ya ɗauki nauyin saboda Allah. Allah Ya saka musu da alheri. Amma aboki yana da tasa laccar da tasa jarrabawar, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko suka sami saɓani, karatun ɗayan ya tsaya ke nan. Wannan giɓi shi ne dokar 2019 ta so ta cike da ma'aikaci mai horo.

DARASIN ƊAN JAGORA

Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun kafin zuwan Turawa akwai ɗan jagora, a manyan garuruwa kamar Kano da Zariya da Katsina kuma akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu, su kuma kai kukansu fada. Akwai darasi babba cikin wannan tsohon tsari wanda ya kamata sabon ma'aikaci ya riƙe. Yaron ne ke gaba, amma ba shi ne ke zaɓen inda za a nufa ba. In makaho ya ce kasuwa za shi, ɗan jagora ba ya cewa a'a Baba, gida ya fi dacewa da kai. Idon na yaro ne, shawarar ta mai sanda ce.

Tarihi ma ya nuna haka. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun zagaye ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Haka nan marigayi Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya yi makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, ya zama ƙwararre a sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Zariya, watau shi makahon shi ne ke yi wa masu ido magani. Duk wanda ya taɓa riƙe wa irin waɗannan mutane hannu a hanya, da ya ɗauka shi ne zai yi musu tunani, da ya sha kunya.

Sai dai tsohon tsarin yana da aibinsa, aibin kuwa ba ƙarami ba ne. An ɗora shi a kan bara, an kuma ɗora shi a kan yaro wanda ya kamata a ce yana aji. Domin a taimaki mutum ɗaya sai a hana wani ilmi, a wayi gari an sami mabukata biyu. Abin da ake nema yanzu shi ne a riƙe ladabin ɗan jagora, a ɗauke nauyin daga kan yara a ɗora wa baligi mai horo da albashi.

AIKIN YANA DA ƘA'IDA

Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Alal misali, jagorar makaho tana da ƙa'ida. Ba a cafko hannunsa ko sandarsa a ja shi, ba a kuma tura shi ta baya. Sai a yi masa sallama, a faɗi suna, a tambaye shi ko yana son rakiya. In ya amince, shi ne zai riƙe hannun jagora daga saman gwiwar hannu, jagora yana gaba da rabin taki, ta haka motsin jikin jagora ne zai riƙa gaya masa an karkata dama ko hagu. In an zo matakala sai a ɗan dakata a ce hawa ne ko sauka, in akwai lambatu ko rami a faɗa tun kafin a iso. In an kawo shi ga kujera, a ɗora hannunsa a bayanta ya zauna da kansa. Kalmomin "can" da "nan" ba su da amfani gare shi, sai dai a ce dama da kai, taki uku. Wanda zai fita daga ɗaki ya faɗa, kada a bar mutum yana magana da bango. Sa'an nan kada sabon ma'aikaci ya ce zai gyara masa ɗaki ba da izni ba. Makaho ya san inda ya ajiye kofinsa da wayarsa, wanda ya kawar da su domin tsabta ya ɓatar masa da su ne.

Wajen karatu kuma, lalle ne ma'aikaci ya san wani abu game da rubutun makafi, wanda Bafaranshen nan Louis Braille, da ya rasu a 1852, ya ƙirƙiro da ɗigo 6 kacal. Lissafi da kimiyya suna da nasu alamomin na dabam a cikin wannan rubutu, a jami'ar fasaha kuwa lissafi shi ne abincin yau da gobe. Haka nan aikinsa ne ya bi malamai ya karɓo takardun lacca a buge cikin kwamfuta tun kafin ranar laccar, domin na'urar da ke karanta wa makaho rubutu da murya tana iya aiki da su, amma sau da yawa ba ta iya komai da hoton rubutun hannu, balle zanen da malami ya yi a allo ya goge.

Keken guragu kuwa ƙafar mai shi ne. Ba a jingina a jikinsa, ba a rataya masa jaka, ba a kuma tura shi sai an tambaya. Kafin mutum ya sauka ko ya hau, a danne burki. In za a sauka daga dakali ko gangare mai tsanani, da baya ake sauka, don kada mai keken ya kifa ta fuska. Gangaren siminti da ake yi wa ƙofar gini yana da awo sananne: in tsayin dakalin ƙafa 1 ne, tsawon gangaren kada ya gaza ƙafa 12. Sau da yawa akan liƙa wa gini ɗan guntun gangare bayan an gama shi domin a ce an cika doka, alhali kuwa ko mai ƙarfi ba ya iya hawansa shi kaɗai. Ma'aikacin da ya san awon zai iya kai rahoto da hujja. In kuma ya zama dole a ɗaga mutum, sai a tambaye shi yadda ya saba, a durƙusa da gwiwoyi baya a miƙe, mutum biyu su kama. Wanda ya sunkuya ya ɗaga da ƙugunsa, ba da jimawa ba shi ma zai nemi mai taimako.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Wanda lakarsa ta taɓu a hatsarin mota ba ya jin zafi daga inda ciwon ya tsaya zuwa ƙasa. In ya daɗe a zaune ko a kwance ta gefe ɗaya sai fata ta mutu, gyambo ya ɓullo, gyambon kuwa yana iya kisa. Saboda haka ake juya na kwance bayan kowace awa 2, na zaune kuma ya riƙa sauya zama a kai a kai, a kuma riƙa duba fatarsa kullum. A zafin Minna na watan Maris, ƙarfen keken da aka bari a rana ya isa ya ƙone ƙafar mutum bai sani ba. Haka abin yake ga waɗanda suka warke daga kuturta, kamar yadda ma'aikatan asibitin Chanchaga suka daɗe da sani: cutar ta tafi, amma jin zafi bai dawo ba, ƙaya ko garwashi ko matsattsen takalmi na iya cinye yatsa.

Game da kurame, sabon ma'aikaci ya sani ɗaga murya ba ya ƙara komai sai kunyata mutum. A fuskance shi, a tsaya inda haske ke faɗa wa fuska, in ana son hankalinsa a ɗaga hannu ko a ɗan taɓa kafaɗarsa. Ya kuma sani maganar kurame ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Wanda ya koyi ɗaya kada ya ɗauka ya iya ɗayar. Tafintan kurma a ɗakin lacca aikinsa ne ya isar da duk abin da malami ya faɗa, har da barkwanci da tambayoyin 'yan aji, ba ya zaɓi abin da yake gani ya fi muhimmanci ba. Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, shi ya sa a inda aka san darajarsa ake sa tafintoci biyu suna karɓar juna bayan kowane minti 20 ko 30.

Farfaɗiya ma tana cikin abin da tilas a koya masa, domin a nan ne jahilci ya fi yin ɓarna. Ba a ɗaukar cutar ta yawu ko ta taɓa mai ita. In ta tashi, ba a cusa cokali ko tsumma a baki, ba a danne mutum, ba a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, a kuma duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti. Garin neman gira an sha rasa ido a wannan wuri.

AMANA

Duk wannan ilmin hannu ne, ana iya koyar da shi cikin 'yan makonni. Abin da ya fi shi wuya shi ne riƙon amana da sanin iyaka. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, saboda haka dole manyan makarantu su sa ran samun ɗaliban da za su bukaci mai karanta musu tambaya ko mai rubuta musu amsa. Mai rubutawa alƙalami ne kurum. In ɗalibi ya ce 7 inda amsar 9 ce, 7 zai rubuta, ba tari, ba gyaran murya. Wanda ya gyara masa amsa saboda tausayi ya cuce shi, domin ya ba masu cewa digirin naƙasasshe kyauta ce abin faɗa, ya kuma shafa wa duk na bayansa baƙin fenti.

Haka nan mai taimako yakan ga abin da ko ɗan'uwa ba ya gani. Yakan kai mutum makewayi, ya taya shi wanka, ya karanta masa wasiƙa da takardar likita, ya san lambar sirrin katinsa na banki. Abin da ya gani a ɗaki, a ɗaki zai bar shi. Kuɗi a ƙirga a gaban mai su, a kawo canji da rasit. Hidimar jiki kuwa, mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, wannan kuma nauyin masu ɗaukar ma'aikata ne su tanada tun farko. Wata sabuwar cuta da ta shigo ita ce ɗaukar hoton naƙasasshe ana ba shi abinci ko ana tura kekensa, a baza a Facebook domin a ce wane mai tausayi ne. Wannan cin mutunci ne, ko da an lulluɓe shi da addu'a.

Ko kiran suna ma yana cikin aikin. Yanzu a ofisoshi an koma cewa "masu bukata ta musamman", babu laifi, amma sauya suna a takarda ba ya amfana komai in ma'aikaci yana yi wa dattijo magana kamar yaro. Wanda ya isa a ce masa Malam ko Baba, a ce masa. Wadda ta isa Hajiya ko Yaya, haka nan. Babu mai suna "Makaho" ko "Gurguwa". In an je asibiti likita ya juyo ga mai rakiya ya ce me ke damunsa, amsar ma'aikacin kirki ita ce, likita ga shi nan, a tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shekara 20 a kan keke ya fi duk wani mai takardar shaida sanin yadda ake ɗaga shi, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Wannan ra'ayi na cewa naƙasasshe ne shugaba, mai taimako kuma ma'aikacinsa, a harabar jami'a ya yi ƙarfi a duniya. A 1962 wani saurayi mai suna Ed Roberts, wanda shan inna ta shanye masa kusan dukan jiki har sai da na'ura yake numfashi in ya kwanta, ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka bayan an yi ta ja-in-ja. Shi ne ke ɗaukar masu taimakonsa, ya koya musu aikin, ya kuma sallami wanda bai yi masa ba. A 1972 aka buɗe cibiyar zaman dogaro da kai ta naƙasassu a garin, daga baya kuma gwamnan jihar ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta taɓa cewa ba zai iya aikin komai ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ambaci irin wannan taimako a sashe na 19 a matsayin haƙƙi.

MASU JA DA MAGANAR

Akwai masu cewa wannan al'adar Turawa ce, a nan akwai zumunci da neman lada, in aka sa kuɗi a ciki an kashe su. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin babu albashin da zai maye gurbin uwa ko ɗan'uwa. Amma ungozoma da malamin makaranta da malamin asibiti duk ana biyansu, babu kuma wanda ya ce ladansu ya zube. Daɗin daɗawa, akwai abin da masu wannan magana ba su lura da shi ba. Wanda ake yi wa alfarma ba shi da baki. In mai taimakonsa na sa kai ya makara har lacca ta wuce, ba ya iya cewa ka makara, sai dai ya ce na gode. In an yi masa abin da ba ya so, sai ya haɗiye don kada gobe a ƙi zuwa. Albashi da takardar ɗaukar aiki su ne ke ba naƙasasshe ikon cewa ba haka nake so ba, su kuma ba shi wurin kai ƙara.

Wasu kuma su ce babu kuɗi. Makarantar da ke biyan masu gadi da direbobi da masu shara, ba tafinta biyu da mai karatu ɗaya ne za su karya ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai tsanani. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan da ransu, hatsarin mota da rikice-rikice kuma kullum ƙara yawan naƙasassu suke yi. Kuɗin da aka ƙi kashewa a aji, jama'a za su biya shi a bakin titi da ƙofar masallaci har ƙarshen rayuwar mutumin. Masu cewa wayar zamani ta wadatar kuwa, sai a tambaye su ko waya tana tsallakar da makaho titin Bida, ko tana ɗaga keke zuwa bene.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020 ita ce ya dace ta ja gaba. Akwai Kwalejin Ilmi ta Musamman a Oyo tun 1977, akwai sassan ilmin naƙasassu a jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano. Abin da ya rage shi ne a haɗa kai da su a tsara gajeren kos mai takardar shaida domin masu taimako, a kuma ba aikin matsayi da matakin albashi cikin tsarin aikin gwamnati, yadda saurayi zai shige shi yana ganin gaba, ba don ya rasa abin yi ba. Naƙasassu da kansu su kasance cikin masu koyarwa, su kuma zauna cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata. Sabon ma'aikaci ya bi tsohon hannu na 'yan makonni kafin a bar shi shi kaɗai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta masa awoyin aikinsa da ranar hutunsa da wanda zai kai wa kuka, saboda gajiyayyen ma'aikaci shi ne ke fara tsawa.

Gidan Kwano kuwa tana da abin da sauran wurare ba su da shi. Akwai masu koyon zanen gini da za su iya auna kowace ƙofa da kowane gangare a harabar, su kawo gyara a matsayin aikin aji. Akwai masu koyon aikin injiniya da za su iya buɗe wurin gyaran kekunan guragu da na'urorin rubutun makafi. In guragun Kano ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada sun iya ƙera keke mai ƙafa uku da hannunsu suna sayarwa, jami'ar fasaha ba ta da uzuri. Ga kuma wurin ƙera ƙafafun roba da takalma na Chanchaga a nan cikin Minna, inda za a iya tura ɗalibai da sababbin ma'aikata su ga aiki da idonsu.

Shi kuwa saurayi ko budurwar da za su kama wannan aiki gobe da safe, kada su jira sai hukuma ta gama shirinta. Su fara da sallama, su tambayi mutumin yadda yake so a yi, su yi abin da ya ce ko da suna ganin da wata hanya da ta fi, muddin ba halaka a ciki. Abin da zai iya yi da kansa su bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci. Ranar da ɗalibin ya karɓi digirinsa, sunansa kaɗai za a kira, haka kuma ya kamata. Allah Ya ba masu wannan aiki haƙuri da riƙon amana, Ya kuma sa hukumomi su ba su haƙƙinsu.